Da wane harshe kake yanke shawara, da wanne kake tuna baya?

Malam Mai Alli:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ga magana na kawo, masu ilimin abin su warware mana. Masana halayyar ɗan Adam sun ce idan aka gabatar wa mutum da matsala cikin harshen da ya koya da girmansa, hukuncin da zai yanke yakan sha bamban da wanda zai yanke in da harshen da ya sha a nono aka gabatar masa. Mutum ɗaya, matsala ɗaya, ya kuma gane abin da aka ce sarai, amma amsa ta canja. Wasu har cewa suke a harshe na biyu an fi aiki da hankali. Wai kuma abin da mutum ke iya tunawa ma ya danganta da harshen da aka tambaye shi da shi. To mu da muke wuni da wani harshe a wurin aiki, mu kwana da wani a gida, ina matsayinmu?

Sarkin Gardama:
Wa alaikumus salam, Malam. Ni tun kafin su fito na ce ban yarda ba. Kai ɗaya ne, ƙwaƙwalwa ɗaya ce. Biyu a tara da biyu huɗu ne ko da wane yare ka faɗa. In amsa ta canja, to bai gane tambayar ba ne, kunya ta hana shi faɗa.

Autan Zaure:
Yaya Sarki bai taɓa bari an gama amsa sallama ba.

Ɗaliba:
Yaya Sarki, bari mu ɗauko ta daga tushe, don abin ya girmi maganar harshe. A 1981 Amos Tversky da Daniel Kahneman, wanda ya karɓi kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2002, suka ba mutane wata tambaya. Cuta ta ɓarke, ana hasashen za ta kashe mutum 600. Akwai shiri biyu. Na farko zai ceci mutum 200, babu shakka. Na biyu kasada ce: ɗaya cikin uku a ceci duka 600, biyu cikin uku a rasa kowa. Kashi 72 cikin 100 suka ɗauki na tabbas.

Sai aka ba wani rukunin tambayar nan dai, aka juya mata baki kawai. Shiri na farko: mutum 400 za su mutu, babu shakka. Na biyu: ɗaya cikin uku ba wanda zai mutu, biyu cikin uku duka 600 su tafi. Nan kashi 78 suka ruga wajen kasada. Ku lissafa da kanku, ceton 200 da mutuwar 400 abu guda ne. Amma da an ambaci mutuwa sai zuciya ta ƙi sa hannu a kan asarar da ba makawa, ta gwammace ta gwada sa'a.

A 2012 Boaz Keysar na Jami'ar Shikago, tare da Sayuri Hayakawa da Sun Gyu An, suka maimaita irin wannan gwaji, sai dai wasu sun karanta da harshen uwa, wasu da harshen da suka koya a aji. Masu harshen uwa suka faɗa tarkon kamar yadda aka saba. Masu harshe na biyu kuwa, ko a ce musu "za a ceta" ko a ce "za su mutu", zaɓinsu bai wani motsa ba.

Sarkin Gardama:
Kin ga abin da na faɗa, ƙanwata. Ba su gane ba, suka yi ta canki-canka.

Ɗaliba:
An yi wa wannan tanadi. An gwada fahimtarsu, wanda bai gane ba aka cire shi daga lissafi. Kuma ba a tsaya kan harshe guda ba. Akwai masu Turanci da ke koyon Japananci, akwai masu Turanci da ke koyon Faransanci, akwai 'yan Koriya masu koyon Turanci. Wato Turancin nan a wani gwajin shi ne ɗan gida, a wani shi ne baƙo, sakamako kuma bai canja ba. Abin ba a jikin wani harshe yake ba, a baƙuntarsa yake.

Akanta:
Ni ɓangaren kuɗi na aikin nasu ne ya fi ɗaukar hankalina. An ba kowane ɗalibi dala 15, takardar dala ɗaya-ɗaya. A kowane zagaye, ko ka riƙe dalarka, ko ka ajiye ta a wurga kwabo. In ka faɗi ta tafi, in ka ci a ba ka dala 2.50. Duk mai lissafi ya san kowane zagaye darajarsa dala 1.25 ce a kan dala ɗaya, in aka yi ta yi kai ke da riba. Waɗanda aka yi wa bayani da Turancinsu na uwa sun shiga kashi 54 cikin 100 na zagayen. Waɗanda aka yi wa da Sifaniyanci, harshen da suka koya, sun shiga kashi 71.

Autan Zaure:
Ashe harshe na biyu caca yake koya wa mutane. Allah ya tsare mu.

Akanta:
Auta, ba cacar ce abin dubawa ba, tsoron asara ne. Su Kahneman sun daɗe da nuna cewa zafin rasa abu ya kai kusan ninki biyu na daɗin samun irinsa. Wannan tsoron ne ke sa mutum ya rungume hajar da darajarta ke zubewa, ya ƙi sayarwa don kada asarar ta tabbata a takarda. Harshe na biyu ya ɗan rage masa kaifi, shi ke nan.

Malama Tafinta:
Ku bar ni in sa baki, don ni aikina ke nan, tsayuwa tsakanin baki biyu. Likita zai juyo gare ni ya yi bayani da harshen aiki: ƙarin ya bazu, tiyata ba za ta yi amfani ba, sai dai a rage masa raɗaɗi. Ina ji, ina gyaɗa kai, har ina rubuta sunan magani a gefen takarda, hannuna ko rawa ba ya yi. Sai in juya wajen matar majiyyacin. Tana riƙe da ƙarfen gado, idonta a kan bakina. Maganar nan da na karɓa yanzu-yanzu ba ta taɓa ni ba, da na buɗe baki zan faɗe ta da harshen da uwata ta rene ni da shi, sai maƙogwaro ya toshe. Tsakanin juyawa dama da juyawa hagu labarin bai canja ba. Ni ce ban ji shi ba sai da ya shigo harshena.

Saboda haka, Malam Sarki, fahimta kam na fahimta tun a bakin likita. Da ban fahimta ba me zan fassara?

Ɗaliba:
Anti Tafinta, abin da kika faɗa an auna shi da na'ura. A 2003 Catherine Harris ta Jami'ar Boston da abokan aikinta suka ɗauko Turkawa da suka koyi Turanci da girmansu. Aka maƙala musu wata na'ura a yatsu, mai auna ɗan gumin da fata ke tsattsafowa idan rai ya motsa, irin wanda mutum ba ya iya hanawa. Aka riƙa jiyar da su kalmomi da harsunan biyu. Ashar da kalmomin kunya sun fi motsa fata da Turkanci. Haka kuma irin tsawar da ake yi wa yaro, su "ba ka jin kunya?" da makamantansu, nan ma bambancin ya fito fili. Sun san ma'anarta da Turanci, amma ba da Turanci aka taɓa daka musu ita ba.

Bayanin da masana suka fi karkata gare shi ke nan. Harshen farko da jiki aka koye shi: da shi aka lallashe ka, da shi aka tsorata ka, da shi ka yi faɗan farko. Na biyu sau da yawa a kan benci aka koye shi, daga allo zuwa littafi, ba wanda ya taɓa sa ka kuka da shi sai dai ranar sakamakon jarrabawa.

Malam Mai Alli:
To 'yata, in na fahimce ki, sanyi ne ke nan, ba ƙarin basira ba. Wannan ya bambanta da yadda ake yayata maganar.

Lauya:
Ranka ya daɗe, nan ne ma maganar ta fi nauyi, don ba a kuɗi ta tsaya ba, ta shiga hukunci kan rai. Akwai tsohuwar tambayar masu falsafa: tarago ya ƙwace a kan layin dogo, zai bi ta kan mutum biyar. Kana tsaye a kan gada, gabanka wani ƙaton mutum. In ka tura shi ya faɗa, jikinsa zai tsayar da taragon, shi ya mutu, biyar su tsira. Za ka tura? Albert Costa, wanda ya koyar a Basalona kafin rasuwarsa a 2018, shi da su Keysar sun buga sakamakon wannan a 2014. A gwaji na farko kashi 20 cikin 100 suka ce za su tura da harshen uwa, kashi 33 da baƙon harshe. A na biyu, tsakanin Sifaniyanci da Turanci, 18 ne da 44. Amma da aka sauya tambayar, aka ce ba tura mutum za ka yi ba, maɓalli za ka danna tarago ya karkata zuwa layin da mutum ɗaya yake, kusan kashi 80 suka amince, kuma harshe bai kawo wani bambanci ba. Wato inda hannunka zai taɓa bayan mutum, nan harshe ya yi aiki.

Anti Nas:
Innalillahi. Wannan kuma ai ba hankali ba ne, ƙarancin imani ne.

Sarkin Gardama:
Anti, biyar fa sun fi ɗaya.

Anti Nas:
To je ka tura, ka dawo ka ba mu labarin barcin da ka yi.

Ɗaliba:
Wannan saɓanin naku shi ne tambayar da Hayakawa da abokanta suka bi a 2017: shin mai baƙon harshe ya fi tunani ne, ko ya fi ƙarancin ji? Suka tsara tambayoyi yadda za a raba abu biyu, damuwa da yawan waɗanda za su tsira, da kuma ƙyamar aikata abin da aka haramta. Abin da ya fito: ƙyamar ce ta ragu. Damuwa da mutum biyar ɗin ba ta ƙaru ba. Ba wai ya fi son ceton rai ba ne, tura mutumin ne ya rage yi masa ciwo. A 2018 kuma ita da Keysar suka nuna cewa hoton da mutum ke zanawa a zuci yakan fi dishi-dishi idan da baƙon harshe aka siffanta masa abu. Wanda bai ga fuskar mutumin sosai ba, turawa ba za ta yi masa wuya ba.

Har camfi an gwada. Masu bincike a Jami'ar Trento ta Italiya sun ga cewa labarin fashewar madubi da irinsa bai cika tayar wa mutane hankali da baƙon harshe ba. Amma alamun sa'a ma ba su cika faranta musu ba. Duka biyun ya dusashe.

Anti Nas:
To ni yadda na ɗauki abin, kamar sauke tukunya ne da tsumma. Ba za ka ƙone ba, za ka iya ɗauka ka kai inda kake so, amma ba za ka san iyakar zafinta ba, har ka miƙa wa wani ya karɓa da hannu tsirara. Abin da ke damuna ke nan da takardar amincewa da tiyata. Mutum ya iya harshen takardar, ya karanta duk illolin da aka jera, ya sa hannu da murmushi. Da dare ɗan'uwansa ya zo ya maimaita masa abu guda daga ciki da harshen gida, sai ka ga ya tashi zaune yana neman a kira likita. Wanne ne amincewarsa ta gaskiya, ta rana ko ta dare?

Akanta:
Ta rana mana, Anti. Tsoro ne ya zo da dare, ba ilimi ba.

Malama Tafinta:
A'a Malam Akanta. Tsoron ma labari yake ba ka. Jikin da za a yanka nasa ne, in bai ji nauyin abin ba da me ya auna?

Sarkin Gardama:
To ku tsaya. Duk na ji, amma ga inda gizo ke saƙa. Su waye aka gwada? Ɗaliban jami'a da suka koyi harshe a aji, ana ba su labarin tarago da ba ya nan da cutar da ba ta ɓarke ba. Faɗa a takarda daban, aikatawa daban. Na biyu, wanda ya fi muhimmanci: rabin duniya ba haka suka koyi harshe na biyu ba. Akwai wanda ya tashi uwa na yi masa wani yare, uba wani, abokan wasa wani. Akwai wanda ya yi soyayya da harshe na biyu, ya yi aure da shi, aka zage shi da shi, ya binne ɗansa da shi. Wannan za ku ce masa baƙon harshe? Wane sanyi ya rage a ciki?

Malam Mai Alli:
Yau kam Sarki ya kawo magana.

Ɗaliba:
Ya kawo, kuma bincike na bayansa. A 2020 Alexandra Dylman da Marie-France Champoux-Larsson suka gwada mutanen Suwidin. Da Turanci ba su ga wani bambanci da harshen uwa ba, a tambayar cuta ko ta gada. Da Faransanci kuwa suka gani. Dalilin da suka bayar: ɗan Suwidin da Turanci yake kallon fim, da shi yake jin waƙa tun yana yaro, ya riga ya shige masa jiki. Faransanci kuwa na aji ne. Tun a aikin Costa ma an lura cewa gwargwadon ƙwarewar mutum a harshen, gwargwadon yadda amsarsa ke komawa irin ta harshen uwa. Da aka tattara gwaje-gwaje da yawa aka auna su tare, tasirin yana nan, amma ba ƙato ba ne, kuma ba kowane gwaji ke samunsa ba.

Saboda haka lambar harshe, na ɗaya ko na biyu, ba ita ce ma'auni ba. A ina ka koye shi, kuma me ya same ka a cikinsa.

Sarkin Gardama:
To a daina cewa "harshe na biyu yana sa hankali". A ce harshen da ba a taɓa ɓata maka rai da shi ba.

Mai Kula da Zaure:
Jama'a, Malam ya yi tambaya biyu, kun tare a ɗaya. Ina maganar tunawa?

Akanta:
Bari in buɗe ta da abin da nake gani kullum. Akwai wani abokin aikina da ya yi karatunsa na firamare da wani harshe, sauran rayuwarsa duk da wani. Yana magana da kai tiryan-tiryan, ba za ka ce ba a cikinsa aka haife shi ba. Amma ka miƙa masa takardar lissafi ka zuba wa leɓɓansa ido. Yatsa na bin layi, baki na motsi a hankali, kuma abin da ke fita ba harshen da kuke magana da shi ba ne, na firamaren ne. In ka katse shi da tambaya sai ya koma saman layi. Jadawalin sau yana nan inda aka ajiye shi tun yana ɗan shekara bakwai, bai taɓa ƙaura ba.

Ɗaliba:
Elizabeth Spelke da Sanna Tsivkin sun gwada wannan a 2001 da masu Rashanci da Turanci. Aka koya musu sababbin lissafai, wasu da wannan harshe, wasu da wancan. Inda ake son amsa daidai wa daida, sun fi sauri da harshen da aka koya musu. Inda kuwa kintace ake so, wato kusan nawa ne, harshe bai dame su ba. Lissafin ƙwaƙƙwafi da kalmomi ake adana shi, kintace kuwa ba ruwansa da kalma.

Akwai kuma wani abu da ba ruwansa da na ɗaya ko na biyu. Abin da mutum ke iya riƙewa na ɗan lokaci, kamar lambar waya kafin ya rubuta, bai wuce abin da zai iya furtawa cikin kamar daƙiƙa biyu ba. A 1980 Ellis da Hennelly suka gwada masu harshen Wales da Turanci a Birtaniya. Mutum ɗaya yakan riƙe lambobi da yawa da Turanci fiye da harshensa, don sunayen lambobin harshen Wales sun fi ɗaukar lokaci a baki. Kafin nan ana ganin yaran da aka gwada da harshen Wales suna samun maki ƙasa a wannan ɓangare na gwajin basira, alhali tsawon kalma ne ya ci su. Masu Sinanci kuma, da lambobinsu gajeru ne, sukan riƙe fiye da masu Turanci.

Autan Zaure:
Na ƙirga yanzu. Daga ɗaya zuwa tara, kowace lamba ta Hausa gaɓa biyu ce. A Turanci bakwai ce kaɗai mai gaɓa biyu. Daga yau in na manta lambar waya ba laifina ba ne.

Malama Tafinta:
Kai dai Auta. Amma ni tunawar da ta fi ba ni mamaki ta rayuwa ce. Na sha zama da dattijo ana ɗaukar tarihinsa da harshen aiki, amsa gajeru: an haife ni, na yi makaranta, na yi aure. Da zarar an ajiye biro na yi masa wata 'yar magana da harshensa, sai ga sunan karen gidansu, ga launin ƙofar ɗakin kakarsa, ga wanda ya fara koya masa hawan keke. Ba ɓoyewa ya yi da farko ba. Ba su zo masa ba ne.

Ɗaliba:
Wannan shi ne aikin Viorica Marian da Ulric Neisser na 2000, a Jami'ar Cornell. Ɗalibai ne da aka haifa a ƙasar masu Rashanci suka koma Amurka. A ba mutum kalma, a ce ya faɗi abin da ya fara zuwa masa daga rayuwarsa. In da Rashanci ake hirar, sai labaran zamanin Rashanci su fi fitowa. In da Turanci, sai na bayan ƙaura. Kuma ba kalmar kaɗai ke jawowa ba, harshen da ake hirar da shi ma yana da nasa ƙarfin.

Ba abin mamaki ba ne in aka tuna gwajin Godden da Baddeley na 1975. Masu nutso a teku aka ba kalmomi su haddace, wasu a ƙarƙashin ruwa, wasu a tudu. Wanda ya haddace a ruwa ya fi tunawa a ruwa. Ƙwaƙwalwa tana adana abu tare da yanayin da ya shigo a ciki, harshe kuma yanayi ne.

Har ilimin gama-gari abin ya shafa. A 2007 Marian da Margarita Kaushanskaya suka tambayi masu Sinanci da Turanci su ambaci mutum-mutumin da ke tsaye ya ɗaga hannu yana hangen nesa. In da Turanci aka tambaya, sun fi cewa mutum-mutumin 'Yanci na Amurka. In da Sinanci, sun fi cewa na Mao, tsohon jagoran ƙasar Sin. Duka biyun sun sani, harshe ne ya zaɓi wanda zai riga fitowa.

Malam Mai Alli:
Nan kuka zo gonata. Na daɗe ina duba takardun jarrabawa, kuma akwai irin yaron da ke ba ni tausayi. A tambayoyin zaɓi ya cinye, a "yi bayani" ya rubuta layi uku ya tsaya. Ka kira shi gefe ka ce ya faɗa maka da harshensa, wani lokaci ya kwararo, wani lokaci kuma ya tsaya cak, don kalmomin darasin ba su taɓa shiga harshen nasa ba. Ilimin ya rabu biyu: fahimta a nan, sunaye a can.

Ɗaliba:
Baba Malam, a Jami'ar Ghent ta Beljiyam an auna rabin farko na abin da ka faɗa. Heleen Vander Beken da Marc Brysbaert, a 2018, suka ba ɗalibai gajerun darussa su karanta, wasu da harshensu, wasu da Turanci. A tambayoyin "gaskiya ko ƙarya" maki ya zo daidai. A inda aka ce rubuta duk abin da ka tuna, masu Turanci suka faɗo ƙasa sosai. Abin ya shiga, fitar da shi ne aiki. Mai duba takarda kuwa abin da ya fito kaɗai yake gani.

Sarkin Gardama:
To ashe a tunawa harshe na biyu asara ce zalla.

Lauya:
Ba zalla ba, kuma wannan ne ya hana ni sakat. Akwai tunawar ƙarya, mutum ya rantse ya ga abin da bai gani ba, kuma ba ƙarya yake yi da gangan ba. Hanyar gwada ta sananniya ce tun aikin Roediger da McDermott na 1995: a karanta maka gado, mafarki, gajiya, hutu, minshari, daga baya ka dage cewa ka ji "barci", alhali ba a faɗa ba. A 2023 Leigh Grant da su Keysar suka gwada masu Sinanci da suka iya Turanci. Da Turanci sun fi gane cewa irin wannan kalmar ba a faɗe ta ba. Suka kuma nuna musu bidiyon aikata laifi, sannan aka ba su labarin abin da ya faru da 'yan ƙarairayi a ciki. Waɗanda suka ji labarin da harshen uwa sun fi haɗiye ƙaryar su mai da ita abin da idonsu ya gani. Bayanin masu binciken shi ne, da baƙon harshe mutum ba ya sakin jiki, yana bincikar abin da ya tuna kafin ya yarda da shi.

To ga shaida a gabana. In na tambaye shi da harshen da abin ya faru a cikinsa, zai fi kawo bayani dalla-dalla. In wani ya riga ni ba shi labari da wannan harshen, zai fi saurin cakuɗa shi da abin da ya gani.

Malama Tafinta:
Ka ƙara da na uku, Barista. In ya yi magana da harshen kotu da karin harshensa, ba za a yarda da shi kamar yadda za a yarda da ɗan gari ba.

Lauya:
Shi ma an gwada, Shiri Lev-Ari da Keysar a 2010. Aka sa mutane su karanta 'yan bayanai, irin su raƙumin dawa ya fi raƙumi jure ƙishirwa. Aka gaya wa masu sauraro cewa masu karatun ba su suka rubuta ba, aike kawai suke isarwa. Duk da haka abin da mai baƙon lafazi ya karanta an fi ɗaukarsa ƙarya. Kunne ya sha wuya kaɗan, sai ya ɗora laifin a kan maganar.

Anti Nas:
To Barista, da wanne za ka ɗauki bayanin shaidar?

Lauya:
Da harshen da abin ya faru, tun da wuri, kafin kowa ya ba shi nasa labarin, kuma a naɗi muryarsa, kada a dogara da fassarar da aka rubuta. Tambayoyin tantancewa, su "ka gani da idonka ko an faɗa maka", in yana da wani harshen, ba laifi a sake bi da shi ta can.

Sarkin Gardama:
Sai ka tashi da bayani biyu daga bakin mutum ɗaya, lauyan ɗaya ɓangaren ya ɗora su gefe da gefe ya ce shaidarka maƙaryaci ne.

Lauya:
Zai yi, Malam Sarki, na san irinku. Shi ya sa na biyun ba ya shiga fayil, a ofishina yake tsayawa. In suka saɓa, ni zan fara sani, in san tambayar da ba zan yi masa a gaban alƙali ba. Sai da safenku, ina da zama ƙarfe tara.